Tarihin Wassily Kandinsky, Lauyan Da Ya Bar Shari'a Ya Kama Zane

Kwanakin baya, ina rangadin duba makarantu a ƙasar Batsari da Safana, wani malamin aji ya kawo mini littafin zanen wani yaro, don in ga irin wahalar da ya ke sha da almajiransa. Ya ce wa 'yan aji su zana tulu, kowa ya zana gwargwadon iyawarsa, amma wannan yaro ya bi shafin nan ya cika shi da layuka, waɗansu a miƙe, waɗansu a tanƙware, ya bi tsakaninsu da ja da shuɗi da rawaya, ba tulu ba dalilinsa. Malam ya ba shi sifiri, ya haɗa masa da bulala biyu. Wajen sifirin ban ga laifinsa ba, gama tulu aka ce a zana. Amma da na ɗaga kai na dubi rigar da ke wuyan malamin, sai na ga aska takwas ce, an zuba mata aiki tun daga wuya har aljihu, kuma duk cikin aikin nan babu siffar mutum ko dabba ko tulu. Askar ma da a ke faɗa suna ne kawai, ba wanzamin da zai gan ta ya shaida ta. Ya sayi riga da tsada saboda wannan aiki, ya kuwa doki yaro saboda ɗan'uwan aikin.

Abin nan shi ya tuna mini da wani mutumin Rasha, Wassily Kandinsky, wanda Turawa ke lissafawa cikin na farkon da suka zana hoton da ba ya kwaikwayon siffar kome, sai launi da layi kaɗai. Na ga ya kamata malaman makaranta da ma'aikatan ofis su san labarinsa, domin shi ma daga cikin takardu da littattafan doka ya fito, kuma abin da ya sha a kan wannan sana'a ya fi bulala biyu nesa ba kusa ba.

An haife shi a birnin Masko ran 16 ga watan Disamba, 1866. Ubansa attajiri ne mai fataucin ganyen shayi. Yana da shekara biyar suka ƙaura zuwa Odessa, a bakin teku, auren iyayensa ya mutu, ya tashi a hannun yayar uwarsa. Aka koya masa kiɗan piyano da na wani babban goge irin na Turawa, kamar yadda a ke yi wa 'ya'yan masu hali a can. Da ya kusa shekara ashirin ya shiga Jami'ar Masko, ya karanta ilmin doka da na tattalin arziki, ya kuwa yi fice, har jami'ar ta riƙe shi yana koyarwa. A 1892 ya auri wata 'yar'uwarsa, Anna. Duk wanda ya dube shi a lokacin nan zai ce ga mutumin da hanyarsa ta miƙe har tsufa.

Amma tun yana ɗalibi wani abu ya same shi wanda bai taɓa barin zuciyarsa ba. A 1889 wata ƙungiyar masana ta aike shi lardin Vologda, can arewa, ya binciko al'adun ƙauyawa da yadda su ke yanke shari'a tsakaninsu. Ya yi makonni yana yawo, wani wuri a keken doki, wani wuri a kwalekwale. Da ya shiga ɗakunan manoman nan na katako, sai ya tarar an bi kome da launi: tebur, benci, akwati, murhu, bango, kowanne da adonsa. Ya ba da labari daga baya cewa ji ya yi kamar ya shiga cikin hoto yana tafiya a ciki, kuma tun daga ranar ya ƙudura cewa in ya yi zane, so ya ke mai kallo ya shige cikinsa haka nan. Wanda ya taɓa shiga ɗakin amarya a ƙauyukanmu, ya ga jeren kwanoni da tasoshi da faifai tun daga ƙasa har rufi, ya san abin da mutumin nan ya ji. Bambancin kawai, mu mun saba, shi kuwa baƙo ne mai idon gani.

Sai kuma abu biyu suka zo masa kusan a tare. Aka kawo nunin zanen Faransawa a Masko, ya tsaya gaban wani hoto na Claude Monet, ya duba, ya sake dubawa, bai gane ko mene ne ba, sai da ya karanta takardar bayani ya ga ashe tarin dammunan hatsi ne a gona bayan girbi. Da farko haushi ya kama shi, yana ganin mai zane ba shi da ikon ɓoye abin da ya zana. Amma da ya koma gida hoton ya ƙi fita daga ransa, ya lura launin ya riga ya yi aikinsa a zuciyarsa tun bai san hatsi ne ba. Na biyu, ya je babban gidan wasa na Masko ya saurari kiɗan Wagner, wani Bajamushe, ya ce yana ji yana ganin launuka da layuka suna gilmawa a gabansa. A 1896 Jami'ar Dorpat, wadda ke ƙasar Estoniya ta yanzu, ta yi masa tayin kujerar koyar da doka. Ya ƙi. Ya tattara, shi da matarsa, suka nufi Munik ta ƙasar Jamus don ya koyi zane, yana da shekara talatin da haihuwa.

To, jama'a, a nan ne na ke so a tsaya a lura, don akwai masu tsammanin mai irin wannan zane ragon da ya kasa zana doki ne ya fake da sabon salo. Kandinsky ya zauna shekara biyu a makarantar wani malami, Anton Azbe, yana koyon zana jikin mutum gaɓa gaɓa tare da yaran da ya girme su nesa. Ya nemi shiga babbar makarantar zane ta Munik, ya faɗi jarrabawa, ya koma ya ƙara shiri. A 1900 Franz von Stuck, wanda a lokacin ba a kai shi suna ba a birnin, ya karɓe shi a ajinsa, ya kuma ga launinsa ya yi yawa, ya umarce shi ya koma yin aiki da baƙi da fari kaɗai har hannunsa ya faɗa. Ya bi umarnin. Daga isowarsa Munik zuwa lokacin da ya saki siffa gaba ɗaya, shekara goma sha biyar ne da ɗoriya, kuma cikinsu ya zana duwatsu da majami'u da mahaya dawaki ba iyaka.

A 1901 ya kafa wata ƙungiyar masu zane da makarantarta, wadda ta ke karɓar mata, alhali babbar makarantar gwamnati ba ta karɓarsu. Cikin almajiransa akwai wata Bajamushiya, Gabriele Münter, wadda shaƙuwa ta shiga tsakaninsu, ya rabu da Anna a zama, ko da ya ke sai 1911 aka kashe auren. Shi da Münter suka yi shekaru suna yawon ƙasashe. Suka yi watanni a Tunis daga ƙarshen 1904, inda ya ga fararen soraye da adon masallatai da rigunan Larabawa. Suka zauna Italiya, suka yi shekara guda kusa da Faris. A 1908 suka sami wani ƙauye, Murnau, a gindin duwatsun kudancin Jamus, Münter ta sayi gida a can a shekara mai bi. A Murnau ne launinsa ya fara ƙetare iyakar siffa: dutse ya zama shuɗi, hanya ta zama ja, itace ya zama dunƙule guda ba reshe ba ganye.

Shi da kansa ya ba da labarin wata maraice da ya dawo ɗakin aikinsa a Munik, rana ta kusa faɗuwa. Da ya buɗe ƙofa sai ya hangi wani hoto jingine da bango, mai kyan da bai taɓa ganin irinsa ba, ba ya nuna kome sai launuka suna haskawa. Ya matsa kusa, ashe nasa ne, an jingine shi a karkace. Kashegari da hantsi ya sake karkata shi, amma abin ya ƙi dawowa, don idonsa ya riga ya gane ga doki ga gida. Daga nan ya tabbata siffar abubuwa ita ke tare masa hanya.

Ya kuwa sami abin da ya ƙarfafa shi daga wajen da ba a zata ba. A 1910 aka yi wani gagarumin nuni a Munik na kayan fasahar ƙasashen Musulmi, abu fiye da dubu uku: dardumai, tukwane, takubba, littattafai masu zayyana daga Farisa da Masar da Turkiyya. Kandinsky ya je, ya rubuta wa wata mujallar Rasha labarinsa da yabo mai yawa, musamman ƙananan hotunan littattafan Farisa. Ba abin mamaki ba ne. Da ya ke malaman Musulunci da yawa sun ƙi a sawwara abu mai rai, masu fasaha na ƙasashen nan sun yi ɗaruruwan shekaru suna zuba hikimarsu cikin layi da launi da rubutu. Mu ma gādon da muka ci ke nan, a zayyanar allon mai sauka, da adon bangon soro a Kano da Zariya da Katsina, da dagi, da sassaƙar ƙwaryar Fulani irin wadda a ke gani a rugagen da ke kewayen dajin Rugu. Sai dai kada mu yi saurin cewa mun riga shi, gama akwai bambanci. Maɗinkinmu da maginimu suna bin tsarin da suka gāda, kowane ado da sunansa da wurin zamansa, kuma ado ne a jikin wani abu mai amfani, riga ko ɗaki ko ƙwarya. Kandinsky kuwa tsoronsa ke nan, kada aikinsa ya zama ado kurum kamar na darduma. So ya ke hoto ya tsaya da kansa, kowanne da tsarin da ba a taɓa yi ba, ya faɗa wa zuciya magana.

Hujjarsa daga kiɗa ya ɗauko ta. Mai busa sarewa ba ya kwaikwayon kukan saniya ko na tsuntsu, amma ya kan sa mutum baƙin ciki ko murna, ba kuwa mai tambayarsa wane abu ne wannan sauti ya ke kama da shi. To, me zai hana mai zane ya sami wannan 'yanci? A ganinsa kowane launi da muryarsa: rawaya mai tsini ce, tana taso wa mutum kamar busar kakaki, shuɗi mai haske kamar sarewa ne, in ya yi duhu ya koma kamar babban goge, yana janye mutum zuwa ciki, kore kuwa zaune ya ke, ba ya gaba ba ya baya. A watan Janairu na 1911 ya ji kiɗan Arnold Schoenberg, wanda shi ma ya karya ƙa'idodin da makaɗan Turai suka gāda, ya rubuta masa wasiƙa ba tare da sun taɓa haɗuwa ba, suka zama abokai. Waɗannan ra'ayoyi ya tattara cikin wani ɗan littafi a kan ruhin da ke cikin fasaha, wanda ya fito a ƙarshen 1911, aka buga shi har sau uku cikin shekara guda. Ni dai ban yarda kowane ɗan Adam zai ji kakaki in ya ga rawaya ba. Wannan halittarsa ce. Amma cewa launi na aiki a zuciya ba da taimakon siffa ba, duk wanda ya taɓa zaɓen atamfa a kasuwa ya san gaskiya ne.

Jama'ar Munik ba su karɓi abin da daɗi ba. A 1909 shi da abokansa sun kafa wata sabuwar ƙungiya, shi ne shugaba, kuma da suka yi nuni wata jaridar birnin ta ce ko dai mahaukata ne da ba su warkuwa, ko kuwa 'yan damfara marasa kunya. Wannan da sauƙi, tun da daga waje ya fito. Abin da ya fi zafi, cikin ƙungiyar kanta aka fara ƙosawa da shi, har ya ajiye shugabanci. Ran 2 ga Disamba, 1911, ya kawo wani babban hoto wanda ya kira Tsari na Biyar, a kan tashin matattu, wanda sai an ƙura ido a ke tsinkayar ƙaho da 'yan siffofi cikinsa, wani baƙin layi mai kauri ya ratsa shi kamar bulala. Dokar ƙungiya ta ce hoton da ya wuce murabba'in mita huɗu sai alƙalai sun yarda a nuna shi. Wannan kuwa ya haura biyar. Alƙalai suka ƙi shi. Abin dariya, shi Kandinsky ne ya sa dokar nan tun farko, kuma masu bincike sun nuna shi da abokinsa Franz Marc sun riga sun shirya ficewa, dalili kawai su ke nema. Ilmin lauya bai tafi a banza ba. Suka fita tare da Münter, bayan kwana goma sha shida suka buɗe nasu nunin a gida ɗaya da na tsofaffin abokansu, da sunan Shuɗin Mahayi.

Shekaru uku da suka biyo su ne ganiyarsa. Ya kasa ayyukansa uku: waɗanda ya ɗauko daga abin da ido ya gani, da waɗanda suka ɓullo daga zuci nan take, da waɗanda ya kira Tsari, masu cin watanni ana shiri. Irin na ƙarshen nan goma kacal ya yi duk rayuwarsa. Na Shida a kan Ruwan Ɗufana ne. Na Bakwai, wanda da yawa ke cewa shi ne gwaninsa, tsawonsa mita uku, faɗinsa biyu. Ya yi gwaje-gwaje fiye da talatin kafin ya taɓa shi, sa'an nan ya zana shi cikin kwana huɗu a watan Nuwamba na 1913, Münter na ɗaukar hotonsa yana ci gaba. Mai kallo zai ce an watsa fenti ne da ka, alhali ba ɗigon da ba a auna wurinsa ba. Yana Masko yanzu, a gidan adana zane na Tretyakov.

Ya kan so a ce shi ne na farko, har akwai wani ƙaramin zanensa mai ɗauke da shekarar 1910 wanda masana da yawa ke ganin na 1913 ne. Gaskiyar magana, mutane da dama sun isa wannan ƙofa kusan lokaci guda, irin su Kupka da Malevich da Mondrian. Wata mace ma 'yar Suwidin, Hilma af Klint, ta riga su duka tun 1906, amma ta yi wasiyya kada a nuna aikinta sai bayan shekara ashirin da mutuwarta, duniya ba ta san shi sosai ba sai daga 1986.

A watan Agusta na 1914 yaƙi ya tashi tsakanin Jamus da Rasha. Mutumin da ya yi shekara goma sha takwas a Munik ya wayi gari ɗan ƙasar abokan gāba, dole ya fita cikin 'yan kwanaki, ya bar ɗaruruwan hotunansa a hannun Münter. Abokinsa August Macke ya mutu a fagen fama a watan Satumba, Franz Marc kuma aka kashe shi a Verdun a 1916. Shuɗin Mahayi ya watse ke nan. A nan kuma akwai abin da ba zan rufe masa ba. Ya daɗe yana yi wa Münter alkawarin aure. Suka yi ganin ƙarshe a Suwidin a farkon 1916, ya koma Masko ya daina amsa wasiƙunta, a 1917 ya auri wata yarinya, Nina, Münter ba ta ji ba sai bayan shekaru, daga bakin wasu. Wannan cin amana ne, kuma gwanintar hannu ba ta wanke shi.

A shekarar auren nan aka yi juyin mulki a Rasha, 'yan Kwaminis suka karɓe dukiyar masu hali, har da babban gidan haya da ya mallaka a Masko. Aka shiga yunwa da sanyi. Ɗansu guda ɗaya, Vsevolod, ya rasu a 1920 bai cika shekara uku ba, kuma shi da Nina ba su ƙara ambatonsa ga kowa ba. Da fari sabuwar gwamnati ta rungumi masu sabon salo, aka ba Kandinsky aiki a ma'aikatar ilmi, ya koyar, ya taimaka aka buɗe gidajen adana zane a larduna, ya tsara manhajar wata cibiyar nazarin fasaha a 1920. Sai samarin da ke tare da shi, irin su Rodchenko, suka tashi suka ce maganarsa ta ruhi da zuciya tsohon yayi ce ta 'yan jari hujja, mai fasaha injiniya ne, aikinsa ya ƙera abin da masana'anta za ta yi amfani da shi. Watau a Munik an ƙi shi don ya yi gaba da yawa, a Masko an ƙi shi don ya yi baya. A Disamba na 1921 ya koma Jamus.

Walter Gropius ya kira shi makarantar Bauhaus a Weimar a 1922, wadda aka kafa don a haɗa mai zane da magini da masaƙi da kafinta a inuwa guda. Aka ba shi sashen zanen bango, da darasin launi da siffa ga sababbin ɗalibai. Malamanmu za su so su ji yadda ya ke koyarwa. Ya kan tara tebur da tsani da kwando da ƙyalle a gaban aji, ya sa ɗalibai su zana su daidai, sa'an nan su rage, su sake ragewa, har sai layukan da ke riƙe da tsarin kaɗai suka saura. Watau ko a wurinsa sai an bi ta kan tulu kafin a bar tulu. Ya taɓa raba takarda a makarantar, mai alwatika da murabba'i da da'ira, kowa ya shafa wa kowanne launin da ya ga ya dace. Mafi yawa suka bi ra'ayinsa, rawaya ga alwatika, ja ga murabba'i, shuɗi ga da'ira, ko da ya ke ɗaliban da suka san ra'ayin malaminsu ba shaidu ne na a dogara da su ba. Zanensa ma ya sake, ya koma na ma'auni da da'irori masu tsabta. Da makarantar ta ƙaura Dessau a 1925, ya zauna gida ɗaya da Paul Klee, wanda suka yi ajin Stuck tare, bango kaɗai ya raba su. A 1926 ya fitar da littafi a kan ɗigo da layi, a 1928 ya zama ɗan ƙasar Jamus. Shekarun nan goma su ne kwanciyar hankalin da ya samu.

Sai ga jam'iyyar Hitila. A 1932 'yan Nazi da suka rinjayi majalisar garin Dessau suka rufe makarantar, ta koma wata tsohuwar masana'anta a Balin. A Afrilu na 1933 'yan sanda suka garƙame ta, kuma cikin sharuɗɗan da aka gindaya kafin a buɗe har da korar Kandinsky. Malamai suka gwammace su rushe ta da hannunsu. A ƙarshen shekarar ya ƙaura Faransa, yana da shekara sittin da bakwai, hijira ta uku ke nan. A watan Yuli na 1937, a Munik ɗin nan da ya fara koyo, gwamnati ta buɗe nunin da ta kira na Lalataccen Zane, inda aka rataye ayyuka wajen 650 a cunkushe, da rubutun zagi a bango, don jama'a su zo su yi dariya. Mutum fiye da miliyan biyu suka shiga. An kwashe ayyukansa 57 daga gidajen adana zane na Jamus, waɗansu aka sayar a ƙasashen waje. Tsari na Ɗaya da na Biyu da na Uku duk sun hallaka cikin yaƙin da ya biyo, sai hotunansu na baƙi da fari suka rage. A Rasha kuma gwamnatin Stalin ta riga ta hukunta cewa zane sai wanda ya nuna ma'aikaci da manomi kamar a taɓa su, aka sauke nasa aka kai ɗakin ajiya. Gwamnatoci biyu da ba su ga maciji da juna, sun haɗu a kan tsoron hoton da ba za a iya sa shi ya yi wa shugaba kirari ba.

Zamansa na Faris ba na daula ba ne. Ya kama ɗaki a wani bene a Neuilly, bayan gari, ya mai da falo wurin aiki. Masu faɗa a ji a birnin hankalinsu na kan Picasso da wasu, masu sayen aikinsa kaɗan ne. Duk da haka ya sake salo, ya shiga zana waɗansu 'yan halittu masu taushin launi, kamar abin da a ke gani a madubin likita. A 1939 ya zama ɗan ƙasar Faransa, ya gama Tsari na Goma. Da Jamusawa suka mamaye Faris aka yi masa tayin tafiya Amurka, ya ƙi. Kayan aiki suka yi wuya, ya koma zane a kan kwali. Ya rasu ran 13 ga Disamba, 1944, wata huɗu bayan an kori Jamusawa daga birnin, saura kwana uku ya cika shekara saba'in da takwas.

Karɓuwar da ya nema daga nesa ta fara zuwa. Wani attajirin Amurka mai arzikin ma'adinai, Solomon Guggenheim, ya ziyarce shi a Dessau, ya yi ta sayen aikinsa har ya tara fiye da 150, ya buɗe musu gida a birnin New York a 1939, inda samarin masu zane na Amurka suka riƙa zuwa suna kallo. Masko ba ta yi masa babban nuni ba sai 1989. A 2023 an sayar da wani hotonsa na Murnau a Landan a kan fam miliyan 37. Iskar gardamar nan ta iso mu ma. A 1958 ɗaliban zane na Kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiya suka ce ba za su tsaya ga kwaikwayon manhajar Ingila kaɗai ba, sai sun haɗa da adon da suka gāda a gida. Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, ya koma ga layukan da matan Ibo ke zanawa a jiki da bango, kuma Munik ɗin ce ya je ƙaro ilmi a 1962. Bayansu Gani Odutokun ya koyar a sashen nan yana kwarara fenti a kan ƙyalle, har hatsarin mota ya ɗauke shi a 1995.

Saura labarin hotunan da ya bari a 1914. Bayan doguwar jayayya ta hannun lauyoyi, a 1926 aka daidaita, Münter ta mayar masa da kaɗan, mafi yawa suka zauna a hannunta. Da zamanin Hitila ya zo, riƙe irin waɗannan hotuna ya zama hatsari, ita kanta an hana aikinta kasuwa, tana cikin rashi. Ta kwashe su ta ɓoye a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan Murnau, ba ta sayar ba, ba ta ƙone ba, ba ta kuwa faɗa wa hukuma ba, har yaƙi ya ƙare. A watan Fabrairu na 1957, ranar da ta cika shekara tamanin, ta ba birnin Munik su kyauta, ayyuka fiye da dubu nasa da nata da na abokansu, cikinsu har da manyan hotunan fenti na Kandinsky wajen casa'in. Suna gidan Lenbach a birnin, ita kuwa ta rasu a Murnau a 1962.